Tsohuwar Takardar Ƙima da Cinikin Zoben Daimon

Cinikin zoben daimon na hannu, wato wanda wata ta riga ta sa a yatsa, kusan kullum da takarda ake buɗe shi. Mai sayarwa zai zaro ta daga ambulan, ta ɗan yi ja saboda daɗewa, da tambarin wani shagon kayan ado na Landan ko New York ko Dubai a samanta, ga hoton zoben, ga sa hannu a ƙasa. A ce an rubuta ta a 2014, tana cewa zoben ya kai dala 12,000. Sai ya ce maka matsi ne ya sa zai rabu da shi, kawo 6,000 ka ɗauka. Nan take zuciya ta buga lissafi: rabin kuɗi, ai wannan tsuntsu ne daga sama gasasshe.

Shin wannan takarda ta isa hujjar da mutum zai dogara da ita ya ƙirga kuɗinsa? A ganina ta isa a karanta ta da kyau, amma ba ta isa a yanke farashi a kanta ba. Kuma ba lallai sai an yi ha'inci ba. Takardar tana iya zama ta gaskiya, mai sayarwa mutumin kirki ne, duk da haka ka kwana ciki.

Takardu iri biyu ne ke bin daimon, mutane da yawa kuma ba sa raba su. Akwai rahoton ɗakin gwaji, akwai takardar ƙima. Rahoton gwaji yana fitowa ne daga cibiyoyi irin su GIA ta Amurka, wadda Robert Shipley ya kafa a 1931, ko IGI da HRD da ke birnin Antwerp na ƙasar Beljiyam. GIA ce ta fito da ma'aunin da duniya ke bi a yau tun 1953, wanda ke duba abu huɗu: nauyi, launi, tsabtar cikin dutsen, da kyan yanka. Launi yana farawa daga harafin D, wanda ba shi da ɗigon rawaya ko kaɗan, ya gangara har Z. Tsabta tana da mataki 11. Nauyi kuwa da karat ake auna shi, karat ɗaya kashi ɗaya ne cikin biyar na giram, kuma ba shi da alaƙa da karat ɗin da ake faɗa wa zinariya. Abu biyu ne ya kamata a riƙe game da wannan rahoto. Na ɗaya, tsurar dutsen ake kai wa GIA don cikakken gwaji, ba a kan zobe ba. Na biyu, ko sisin kwabo ba ta rubutawa a kai. Aikinta ta ce ga abin da dutsen yake, ba ruwanta da nawa zai yi a kasuwa.

Takardar ƙima kuwa ra'ayin mutum ɗaya ce, a rana ɗaya, kan kuɗin da kaya zai kai saboda wata buƙata takamaimai. Wannan buƙatar ita ce sirrin lambar da ke ƙasan takardar, kuma nan ne mafi yawan masu saye ke zamewa.

Galibin takardun ƙima da ke yawo a Amurka da Ingila don inshora aka rubuta su. Tambayar da suke amsawa ita ce: idan zoben nan ya ɓace ko aka sace shi, nawa za a kashe a shiga babban shago a sayi sabo irinsa? Ka ga kuwa a cikin wannan kuɗi akwai ribar mai shago, da hayar shagon, da albashin ma'aikata, da haraji, wani lokaci har da ɗan ƙari saboda tsoron tashin farashi nan gaba. Sau da yawa ma shagon da ya sayar da zoben shi ne ya rubuta takardar. Mutum ya biya dala 7,000, aka miƙa masa takarda mai cewa 12,000, ya koma gida yana murna ya yi wa mai shago wayo. Mai shago ya ji daɗi, don ya samu abokin ciniki na har abada. Kamfanin inshora ma bai yi fushi ba, tunda a kan babbar lamba yake karɓar kuɗinsa duk shekara, kuma in asara ta auku yawanci yana da damar ya samo madadin zoben ta hannun dillalansa a farashi mai sauƙi. Kowa ya amfana da kumburin lambar, ban da wanda zai zo bayan shekara goma ya ɗauke ta a matsayin farashin saye. A Amurka ma babu wata dokar tarayya da ta ce sai mai lasisi ne zai yi wa kayan ado ƙima. Akwai ƙungiyoyin ƙwararru masu jarrabawa da ƙa'idoji, amma duk wanda ke da takarda mai tambari da alƙalami yana iya rubuta lamba ya sa hannu.

Zobe ɗaya, a rana ɗaya, yana da farashi aƙalla uku: kuɗin sayen sabo a shago, kuɗin da zai yi tsakanin mai saye da mai sayarwa in babu wanda ke sauri, da kuɗin da dillali zai miƙa maka hannu da hannu yau ɗin nan. Tsakanin na farko da na ƙarshe akwai tafiya mai nisa. Tun a 1982 wani ɗan jaridar Amurka, Edward Jay Epstein, ya yi dogon rubutu a mujallar The Atlantic yana nuna yadda masu daimon ke shan mamaki ranar da suka je sayarwa, domin shagunan da suka sayar musu ba sa son saye, in ma sun saya to a kan ɗan abin da bai kai ya kawo ba. Har yau zancen bai canja ba.

Wannan ne abin da ke ruɗa mutanenmu da suka saba da gwal. Hajiyar da ta sayo sarƙa a Makka ko a kasuwar gwal ta Deira a Dubai ta san lissafinta: a ɗora a sikeli, a duba karat nawa ce, a buga da farashin giram na ranar, a cire kuɗin ƙira, shi ke nan. Zinariya tana da farashi ɗaya da kowa ke gani a wayarsa, kuma in an narkar da ita duk ɗaya ce. Daimon ba haka yake ba. Kowane dutse da halinsa, ba a narkar da shi, kuma jadawalin farashin da dillalai ke kallo, wanda Martin Rapaport ya fara fitarwa a 1978, mafarin ciniki ne kawai, daga kansa ake ragi. Wanda ya shiga cinikin daimon da tunanin gwal ya shiga da ƙafar hagu.

Sai batun tsufan takardar kanta. An daɗe ana gaya wa mutane cewa daimon ba ya faɗuwa, tun daga tallar da kamfanin De Beers ya fara a 1947 mai nuna cewa daimon na har abada ne. Dutsen dai yana daɗewa, amma farashinsa yana hawa yana sauka. A farkon 1980, lokacin da masu kuɗi suka ruga sayen daimon don gudun hauhawar farashi, dutse mai karat ɗaya mafi kyawun launi da tsabta ya kai wajen dala 60,000. Cikin shekara biyu ya zube ƙasa da rabin haka. Duk takardar ƙimar da aka rubuta a wancan lokacin ta zama labari.

Abin da ke faruwa a yanzu ya fi wancan zurfi, domin ba zazzaɓin kasuwa ba ne kawai, sabon kaya ne ya shigo. Kamfanin General Electric ya ƙera daimon a ɗakin gwaji tun a ƙarshen 1954, amma an ɗauki shekaru da dama kafin a iya yin manya masu kyau a farashin da zai shiga kasuwar kayan ado. Yanzu ana yin su da yawa, musamman a Sin da Indiya. Ba jabu ba ne, sinadarinsu da taurinsu da ƙyallinsu duk ɗaya ne da na haƙowa, har hukumar kula da ciniki ta Amurka ta gyara ma'anar daimon a ƙa'idojinta a 2018 don ta haɗa da su. A 2018 ɗin ma De Beers da kansa ya buɗe reshe mai suna Lightbox yana sayar da na ƙerawa a dala 800 kowane karat. Farashi ya ci gaba da zubewa har kamfanin ya sanar da rufe reshen a 2025. A 2023, da firaministan Indiya Narendra Modi ya ziyarci fadar White House, daimon na ƙerawa mai karat 7.5 ya ba uwargidan shugaban Amurka kyauta, ka ga inda abin ya kai ke nan. Matasa masu neman aure a Amurka suka koma kan mai araha, farashin na haƙowa ya kai ƙololuwa a farkon 2022 ya fara gangarowa, kamfanin Anglo American mai riƙe da De Beers ya sanar a 2024 cewa zai rabu da shi, ƙasar Botswana da ta dogara da ma'adinan Jwaneng da Orapa ta ji a jikinta. Wanda ya rubuta takardar ƙima a 2014 ko 2021 bai san da wannan duniyar ba. In kuwa dutsen da ke kan zoben na ƙerawa ne da aka saya da tsada shekaru bakwai ko takwas da suka wuce, to lambar da ke takardar ba ta ma da dangantaka da kasuwar yau.

Abin sha'awa, takardar tana iya yin kuskure ta ɗaya gefen ma. Zinariyar da aka ƙera zoben da ita ta yi tashin gwauron zabo. Oza ɗaya tana wajen dala 1,200 zuwa 1,300 a 2014, ta haura 2,000 a 2020, ta haura 3,000 a watan Maris na 2025, ta taɓa 4,000 kafin ƙarshen shekarar. Saboda haka tsohuwar takarda tana iya kumbura kuɗin dutse ta kuma tauye kuɗin zinariya a lokaci guda. In kuma da naira aka rubuta ta, sai dai a ajiye ta don tarihi: dala tana wajen naira 160 a 2014, ta wuce 1,500 a 2024. Ba wanda ke zuwa kara sayen rago da farashin layyar shekara goma baya.

To a bar batun kuɗi, a ce siffar dutsen kawai muke nema a takardar. Nan ma sai an yi hattara, kuma wannan ɓangaren ne na fi so mai karatu ya tsaya a kai.

Yawancin masu ƙima a kan zobe suke duba dutsen, ba sa cire shi. Ba za su iya ɗora shi a sikeli ba ke nan, sai dai su auna faɗinsa da zurfinsa da ɗan ma'aunin milimita su yi lissafi. Ga dutse mai yankan da'ira, ana buga faɗi sau faɗi sau zurfi sau 0.0061. Dutse mai faɗin milimita 6.5 da zurfin 4.0 zai ba da karat 1.03. In zurfin gaskiya 3.8 ne, amma ƙarfen da ke ƙarƙashi ya hana ma'auni shiga daidai, nauyin ya koma 0.98. Kuskuren kashi biyu cikin goma na milimita, abin da ido ba ya gani, ya tsallakar da dutsen daga ƙasa da karat ɗaya zuwa samansa. A kasuwar daimon kuwa wannan layin yana da tsada, domin farashin kowane karat yana tsalle ne da zarar an cika ɗaya cif. Haka launi: dutsen da ke zaune cikin zinariya rawaya yana ɗaukar hasken ƙarfen, mai duba na iya kuskure da mataki ɗaya ko biyu. Haka tsabta: 'yan haƙoran ƙarfen da ke riƙe da dutsen suna iya rufe tabo ko tsaga, kuma maƙeri mai wayo da gangan yake ɗora haƙori a kan aibi. Mai ƙima na gari yakan rubuta a takardarsa cewa a kan zobe ya duba, nauyin ƙiyasi ne. Nemi wannan layin. In ka gan shi ka san iyakar takardar. In ba ka gan shi ba, kuma babu lambar rahoton gwaji, to shakkarka ta ƙaru.

Ko da akwai rahoton gwaji a haɗe, a duba wace cibiya ce da kuma wace shekara. Ba duk cibiyoyi ne ma'auninsu ɗaya ba. A 2014 kasuwar intanet ta Rapaport ta daina karɓar rahotannin cibiyoyin gwaji na EGL gaba ɗaya, saboda ƙorafin cewa wasu daga cikinsu suna ɗaga darajar duwatsu fiye da ƙima. Zobuna masu irin waɗannan takardu suna nan birjik a akwatunan mutane, kuma an gina takardun ƙima a kansu. Ita kanta GIA ba ta tsira daga tuntuɓe ba: a 2005 ta sallami ma'aikata huɗu a ɗakin gwajinta na New York bayan zargin karɓar na goro, a 2015 kuma ta soke rahotanni 1,042 da aka gano an yi kutse an canja bayanansu a kwamfuta. Ban da wannan, sai a 2006 ta fara ba da maki kan kyan yankan daimon mai da'ira, alhali yanka shi ne abin da ya fi sa dutse ƙyalli. Rahoton da ya girmi 2006 bai ce komai a kan makin ba.

Sannan babbar tambaya, wadda kunya ke hana mutane yi: dutsen da ke kan zoben yau, shi ne wanda aka rubuta wa takardar? Shekara goma ko ashirin ba kwana biyu ba ne. Zobe ya je wajen gyara, an rage shi ko an faɗaɗa shi, an kai shi jingina, an gada, an ba da aro a biki. Wata ta shiga matsi ta sayar da dutsen a ɓoye ta sa na kwaikwayo, ta rasu ba ta gaya wa kowa ba, magada suka fito da zobe da takarda da zuciya ɗaya. Daimon shi ne mafi tauri a ma'aunin Mohs, amma taurinsa na hana ƙarzuwa ne, ba na hana ɓallewa ba. In ya bugi bakin tukunya ko ƙofar mota ta inda bai dace ba, gefensa yana ɓantarewa. In aka sake goge shi nauyi ya ragu, in ba a goge ba darajar tsabta ta faɗi.

Kada kuma ɗan na'urar nan mai kama da biro ta ruɗe ka, wadda ake dangwala wa dutse ta yi ƙara. Yadda zafi ke ratsa dutse take aunawa. Tana kama gilashi da zirkoniya, amma dutsen moissanite da ya shigo kasuwa a 1998 yana wuce irinta ta da salin-alin, daimon na ƙerawa kuwa babu yadda za ta bambanta shi da na haƙowa, tunda shi ma daimon ne. Wannan sai manyan na'urori. A 2012 cibiyar IGI ta Antwerp ta gano ɗaruruwan duwatsun ƙerawa a cikin wani ƙunshi da aka kawo mata a matsayin na haƙowa. GIA ma ta sha sanar da kama duwatsun ƙerawa da aka yanka su dace da awon wani dutse na gaske mai rahoto, har aka zana musu lambar rahoton ta jabu a gefe. Akwai kuma duwatsun da aka yi wa kwaskwarima: wanda aka cike tsagarsa da wani irin gilashi, dabarar da ta bazu tun shekarun 1980, da wanda aka gyara wa launi da matsanancin zafi da matsi, wanda ya fito fili a 1999. Mai ƙimar da ya yi aiki da madubin hannu kaɗai a ƙaramin shago ba lallai ya gane su ba.

Duk da wannan, ba na cikin masu cewa a yaga tsohuwar takarda. Tana da amfaninta. Tana nuna tarihin zoben, inda aka saye shi da lokacin, abin da ke rage fargabar sayen kayan sata. In an rubuta ta a shekarun 1980 ko 1990, kafin daimon na ƙerawa ya cika kasuwa, kuma aka tabbatar dutsen bai canja ba, to alama ce mai ƙarfi cewa na haƙowa ne. In tana da awon milimita da zanen taswirar tabon da ke cikin dutsen, ta ba ka abin da za ka gwada da shi, domin da wuya duwatsu biyu su yi tabo iri ɗaya a wuri ɗaya. In tana ɗauke da lambar rahoton GIA ko IGI, kana iya shiga shafinsu ka buga lambar ka ga ko bayanan sun dace, sannan ka sa a nuna maka lambar da aka zana da hasken leza a ƙugun dutsen, da madubi mai ƙara girma. Takardar tana gaya maka abin da za ka bincika. Binciken kuwa naka ne.

Yadda ake yinsa ba shi da wuya. Ka nemi mai ƙima wanda ba ya saye ba ya sayarwa, kai za ka zaɓe shi, kai za ka biya shi, ba wanda mai zobe ya nuna maka ba. Ladansa ya zama tsayayye ko na awa. Wanda ke karɓar kaso daga cikin ƙimar da ya rubuta yana da dalilin kumbura ta. Ka gaya masa ƙarara cewa saye za ka yi, farashin kayan hannu na yau kake so, ba na inshora ba. A duba a gabanka da gaban mai zoben, don kada gobe a ce an musanya. In kuɗin mai yawa ne, a cire dutsen a auna shi a sikeli, a tura shi cibiyar gwaji a samo sabon rahoto. Abin da za a kashe a wannan bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kuɗin zoben. A duba hatimin cikin zoben kuma: 750 na nufin karat 18, 585 karat 14, 875 karat 21, 916 karat 22, sannan a gwada ƙarfen, don hatimi ma ana buga na ƙarya. Raba ƙarfe da dutse kafin ciniki ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A Sahihu Muslim akwai labarin sahabi Fadala ɗan Ubaidu, wanda ya sayi abin wuya mai zinariya da duwatsu a kan dinari 12 lokacin Khaibar, da ya warware shi ya tarar zinariyar kaɗai ta fi dinari 12, Annabi (SAW) ya hana a sayar da irinsa sai an rarrabe. Malamai a babin riba suke kawo hadisin, saboda musayar zinariya da zinariya ce, amma ɗan kasuwa ma yana da abin ɗauka a ciki.

Akwai wuri ɗaya da tsohuwar takarda ke yin ɓarna ba tare da an yi ciniki ba, wato rabon gado. Iyalan da mahaifiyarsu ta bar zoben daimon da ta sayo a Landan ko Dubai sukan ɗauki lambar da ke takardar su sa a lissafi, a ba ɗiya ɗaya zoben a matsayin kasonta, sauran su ɗauki kuɗi ko fili. Ranar da ta je sayarwa sai ta tarar an ba ta kashi ɗaya cikin uku ko ƙasa da haka na haƙƙinta, ba tare da kowa ya yi niyyar zaluntarta ba. Masu rabo su sa a yi sabuwar ƙima a kan abin da zoben zai yi in an sayar da shi yau, kafin a buga lissafi.

Kai kuma mai saye, ka sa sharaɗi a rubuce cewa ciniki bai faɗa ba sai sabon gwaji ya tabbatar da nauyi da launi da tsabta, da cewa dutsen na haƙowa ne kuma ba a yi masa kwaskwarima ba, in ya saɓa a mayar maka da kuɗinka. Mai kaya na gaskiya ba zai ƙi wannan ba. In ya ce ai ga takarda, me za a sake dubawa, ko ya ce akwai wani na jira da kuɗi a hannu, to ka taya zoben a kan nauyin zinariyarsa kaɗai. In bai sallama ba, ka bar masa kayansa.